Waiwaye: Da wane mudu za a auna ƙungiyar Alabama a kakar 2026?

Ranar 1 ga Janairun 2026, a filin Rose Bowl da ke Pasadena a jihar Kalifoniya, ƙungiyar Jami'ar Indiyana ta yi wa ta Jami'ar Alabama dukan kawo wuƙa, da ci 38 da 3. Wanda bai saba bin ƙwallon ƙafar Amurka ba, wannan da ake rungumar ƙwallo a ruga da ita kamar zari-ruga, zai ɗauka sakamako ne kamar kowane. A wurin mutanen Tuscaloosa kuwa, garin da jami'ar take, abin ya wuce faɗuwa a wasa guda. Indiyana na cikin ƙungiyoyin da suka fi shan kashi a tarihin gasar jami'o'i, a 2023 ma wasa 3 kacal ta ci cikin 12. Alabama kuma ita ce ta ɗauki kofin ƙasa har sau 6 tsakanin 2009 da 2020. Tun daga ranar, tambaya ɗaya ce a bakin magoya baya: me za a sa rai da shi a kaka mai zuwa? Amsar ta yi wuya, domin mudun da aka saba auna wannan ƙungiya da shi ya daina cika daidai, kuma sai an waiwaya za a gane dalili.

Hasashe kafin a fara kaka tsohuwar al'ada ce a wannan wasa. Kamfanin dillancin labarai na AP ya fara tara ƙuri'un 'yan jarida don jera ƙungiyoyin jami'o'i a 1936, daga 1950 kuma ya shiga fitar da jerin tun kafin a taɓa ƙwallo. A yau ƙungiyoyi 25 ake jerawa a watan Agusta. Jerin na da nauyi saboda kakar gajera ce. Wasa 12 kowace ƙungiya ke yi daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba, don haka faɗuwa biyu ko uku kan iya rufe wa ƙungiya ƙofar kofi. 'Yan wasan kuma ɗalibai ne, kaka huɗu aka saba ba kowa ya buga, gwanayen cikinsu kan tafi gasar ƙwararru ta NFL bayan shekara uku. Kowace shekara ke nan sai an sake gini. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, to Agusta ita ce Larabar wannan wasa.

Alabama ta fara buga ƙwallo a 1892, amma sunanta ya fito ne ranar 1 ga Janairun 1926, lokacin da ta doke Jami'ar Washinton da ci 20 da 19 a wannan fili na Rose Bowl, shekara ɗari cif kafin kashin da ta sha a hannun Indiyana. Kudancin Amurka a lokacin yanki ne matalauci da ake rainawa, shi ya sa mutanensa suka rungumi nasarar kamar tasu ce duka. Daga baya Paul Bryant, wanda ake yi wa laƙabi da Bear, ya riƙe ƙungiyar daga 1958 zuwa 1982, ya kawo kofin ƙasa 6. A zamaninsa ne, a 1971, baƙar fata ya fara buga wa Alabama wasa, shekara takwas bayan gwamna George Wallace ya tsaya a ƙofar wani zauren jami'ar don hana ɗalibai baƙaƙe yin rajista. Bryant ya rasu a Janairun 1983, makonni kaɗan bayan wasansa na ƙarshe.

Abin da ya biyo baya shi ya fi dacewa mai hasashen yau ya riƙe. Daga 1983 zuwa 2006, kofin ƙasa ɗaya tak Alabama ta ci, a 1992 ƙarƙashin Gene Stallings. Masu horarwa suka riƙa zuwa suna tafiya, kowanne ana auna shi da Bryant. A 2000, jerin AP ya sa ƙungiyar a matsayi na 3 kafin a fara kaka, saboda ta ci kofin rukuninta na SEC, na jami'o'in kudu maso gabashin Amurka, a shekarar da ta gabata. Ta ƙare da nasara 3 da faɗuwa 8, aka raba gari da koci Mike DuBose. A 2002 hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta ladabtar da jami'ar kan karya dokar ɗaukar 'yan wasa. A 2003 aka kori Mike Price tun bai jagoranci ko wasa ɗaya ba. Suna da jar riga ba su hana ƙungiyar shekaru na wahala ba.

Sai Nick Saban ya zo a Janairun 2007. Kakarsa ta farko ba ta yi armashi ba, har ƙaramar jami'ar Louisiana-Monroe ta doke shi a gida. Daga 2008 zuwa 2023 kuwa, babu kakar da Alabama ba ta ci wasa 10 ko fiye ba, shekara 16 a jere. Faɗuwa 29 kawai ya yi a shekara 17, alhali 'yan wasansa da ƙungiyoyin NFL suka ɗauka a zagayen farko sun haura 40. A wancan zamani hasashe ba ya buƙatar wani dogon nazari. Ana ba yaran sakandare taurari daga biyu zuwa biyar gwargwadon bajintarsu, mai hasashe sai ya ƙirga masu tauraro huɗu da biyar da ƙungiya ta tara a shekaru huɗu. Masu lissafi sun lura cewa ƙungiyar da ke cin kofin ƙasa, fiye da rabin yaran da ta ɗauka irin waɗannan ne, kuma Alabama kusan kullum tana kan gaba.

Dokokin lokacin ne suka ba wannan lissafi ƙarfi. Jami'a ba ta biyan ɗan wasa albashi, tallafin karatu kawai take ba shi. In kuma ya sauya jami'a, dole ya zauna shekara guda ba ya wasa. Don haka yaro mai hazaƙa kan haƙura ya zauna a benci a Tuscaloosa shekara biyu yana jiran lokacinsa. A kakar 2017, a gurbin madugu, wato ɗan wasan da ke karɓar ƙwallo ya jefa ko ya miƙa, wanda duk wani hari daga hannunsa yake tashi, Alabama na da Jalen Hurts da Tua Tagovailoa da Mac Jones a lokaci guda, kuma dukansu ukun sun zama madugai a NFL daga baya. A wasan ƙarshe na kakar, Jojiya na gaba da ci 13 da nema a hutun rabin lokaci. Saban ya cire Hurts ya sa Tagovailoa, ɗan shekarar farko, suka ci 26 da 23. Hurts ya ƙara zama shekara guda a matsayin mai jiran gado kafin ya koma Oklahoma. Irin wannan zurfin benci shi ne asirin Alabama, kuma shi ne sabbin dokoki suka fara zaizayewa.

A 2018 NCAA ta buɗe rajistar sauya sheƙa a intanet, inda ɗan wasa zai sa sunansa kowace jami'a ta neme shi. A 2021 aka cire zaman shekara guda ga wanda ya sauya a karon farko. A watan Yunin shekarar, dukan alƙalai tara na Kotun Ƙolin Amurka suka yanke hukunci kan NCAA a shari'ar Alston, sannan daga 1 ga Yuli 'yan wasa suka sami damar karɓar kuɗi ta hanyar tallata sunansu da hotonsu. A 2024 aka cire iyakar sauya sheƙa, aka kuma faɗaɗa gasar sili ɗaya ƙwale ta kofin ƙasa daga ƙungiyoyi 4 zuwa 12. A Yunin 2025 wata kotu ta amince da sulhun da ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasansu kai tsaye, kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. A ganina wannan adalci ne da ya makara, domin yaran nan ne ke cika filin Bryant-Denny mai ɗaukar mutum dubu ɗari, su ne kuma ke kwasar raunin gwiwa da na kai. Sai dai sakamakonsa a fili yake: gwanin da ba a sa shi a bana, baɗi yana wata jami'ar.

Saban ya yi ritaya ranar 10 ga Janairun 2024 yana da shekara 72, kwana tara bayan Mishigan ta fitar da shi daga gasar kofin ƙasa. Bayan kwana biyu aka naɗa Kalen DeBoer, mutumin Dakota ta Kudu, wanda ya ci wasa 25 cikin 28 a Jami'ar Washinton ya kai ta wasan ƙarshe. Kafin ya gama zama, Caleb Downs, ɗaya daga cikin fitattun masu tsaron baya a ƙasar, ya koma Ohayo State, matashin madugu Julian Sayin ya bi shi, Isaiah Bond kuma ya tafi Teksas.

Kakar DeBoer ta farko ta nuna fuska biyu cikin mako guda. Ranar 28 ga Satumba suka doke Jojiya 41 da 34, suka hau matsayi na ɗaya. Ranar 5 ga Oktoba Vanderbilt ta doke su 40 da 35, karon farko tun 1984, ɗalibai suka tumɓuke ƙarfen raga suka kai shi kogin Cumberland. Madugun Vanderbilt, Diego Pavia, sauya sheƙa ya yi daga New Mexico State, irin ɗan wasan da tsohon lissafin taurari ba ya ko gani. Alabama ta ƙare da nasara 9 da faɗuwa 4, ba ta shiga gasar kofi ba. A 2025 ta buɗe kaka da faɗuwa 31 da 17 a gidan Fulorida State, ƙungiyar da wasa 2 kawai ta ci a shekarar da ta gabata. Daga nan ta farfaɗo, ta je Athens, garin Jami'ar Jojiya, ta doke Jojiya 24 da 21, ta karya jerin wasa 33 da Jojiya ta yi ba a doke ta a gida ba. Ta kai wasan ƙarshe na SEC, Jojiya ta rama da ci 28 da 7. A gasar kofi Oklahoma ta yi gaba da ci 17 da nema, Alabama ta dawo ta ci 34 da 24, sannan ta ci karo da Indiyana. Jimilla nasara 11, faɗuwa 4.

Kocin Indiyana, Curt Cignetti, tsohon mataimakin Saban ne a Tuscaloosa daga 2007 zuwa 2010, shi ne ma yake kula da ɗaukar sabbin yara. Da ya karɓi Indiyana, sai ya taho da 'yan wasan da ya sani daga Jami'ar James Madison, ya ƙara da balagaggun da suka riga suka goge a wasu wurare, ciki har da madugu Fernando Mendoza daga Jami'ar Kalifoniya. Jerin AP na Agustan 2025 ya sa su a na 20. Suka ci wasa 16 ba faɗuwa, suka ɗauki kofi. Teksas da aka sa a na ɗaya ba ta shiga gasar kofi ba, Penn State ta biyu kuma ta kori kocinta tun a Oktoba.

Saboda haka wanda zai auna Alabama ta 2026, ina ganin ya fara daga ƙartin nan biyar na layin gaba, masu kare madugu da buɗe wa mai gudu hanya. A zamanin Saban nan ne ƙarfin ƙungiyar yake. Mark Ingram a 2009 da Derrick Henry a 2015 duk a bayan irin wannan katanga suka ci kyautar Heisman ta gwarzon shekara. A wasan ƙarshe na SEC na 2025 kuwa, in aka haɗa duk gudun da Alabama ta yi da ƙwallo, ko yadi ɗaya ba ta ci gaba ba, baya ma ta ja. Indiyana ma a nan ta murƙushe ta. Ƙungiyar da ba ta iya gudu da ƙwallo, abokan karawa kan saki jiki su far wa madugunta, kuma haka madugun Alabama Ty Simpson ya sha fama a ƙarshen kaka. DeBoer da mai tsara masa hari, Ryan Grubb, da jifa suka yi suna a Washinton. A rukunin SEC, inda masu tare hanya manya ne kuma masu gudu, jifa kaɗai ba ya kai ƙungiya Janairu lafiya.

Simpson ɗin ma ya tafi neman shiga NFL, ya bar gurbin ga Austin Mack, wanda ya biyo DeBoer daga Washinton, da Keelon Russell, mai tauraro biyar daga jihar Teksas. Dukansu ba su taɓa jan ragamar ƙungiya tsawon kaka ba. Karo na uku ke nan a jere DeBoer zai shiga kaka da madugu daban, bayan Jalen Milroe da Simpson. Ga jadawali ya ƙara nauyi: daga 2026 kowace ƙungiyar SEC za ta yi wasa 9 a cikin rukuni maimakon 8, kuma Auburn da Tenesi da Mississippi State su ne abokan karawar Alabama na kowace shekara.

Ba na cikin masu cewa DeBoer ya gaza. Nasara 20 a kaka biyu, da doke Jojiya sau biyu, da cin wasa a gasar kofi, ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya gaji Saban a daidai lokacin da doka ta buɗe wa kowa ƙofar fita. Ray Perkins da ya gaji Bryant bai kai haka ba. Abin da ke damuna shi ne yadda ƙungiyar ke faɗuwa in ta tashi faɗuwa: 24 da 3 a hannun Oklahoma a 2024, 28 da 7, sannan 38 da 3. Wannan ba rashin sa'a ba ne, alama ce ta ƙungiyar da ba ta da mafita ta biyu idan aka toshe mata ta farko. In layin gaba ya gyaru, yaran da ke ƙasa sun isa su mayar da Alabama cikin ƙungiyoyi 12 na gasar kofi, ko da sabon madugu. In bai gyaru ba, wasanni tara na SEC za su fallasa shi tun kafin Nuwamba. A watan Satumban 2026 Fulorida State za ta zo Tuscaloosa don karo na biyu bayan wasan 2025, kuma yadin da Alabama za ta ci da gudu a ranar shi ne abin da zan fara ƙirgawa.