Yarjejeniyar Naƙasassu Ba Ta Hana A Yi Wa Mai Taɓin Hankali Magani Ba

Duk lokacin da wata ƙasa ta tashi gyara dokarta ta lafiyar ƙwaƙwalwa, sai maganar nan ta sake tasowa. Wai Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana a kwantar da mai taɓin hankali a asibiti, wai za a buɗe ƙofofi a sako su kan titi, wai likitan da ya yi wa majinyaci allura ba da sonsa ba zai ƙare a gidan yari. Masu jinyar ɗa ko ƙani su suka fi firgita, kuma ba na ganin laifinsu. Amma da yawa cikin masu yaɗa zancen ba su taɓa buɗe takardar ba.

Takardar ita ce Yarjejeniyar Haƙƙin Naƙasassu, wadda Babban Zauren Majalisar ya amince da ita ranar 13 ga Disamba, 2006, ta fara aiki ranar 3 ga Mayu, 2008. Ƙasashe sama da 180 sun shiga cikinta. Amurka ta sa hannu a 2009, amma majalisar dattawanta ta kasa tabbatar da ita a ƙuri'ar 2012. Ta shafi makafi, kurame, guragu da masu larurar ƙwaƙwalwa mai daɗewa, ta kuma ware mata, yara da waɗanda yaƙi ko bala'i ya rutsa da su ta ambace su.

Batun gidan yari shi ya fi sauƙin warwarewa: babu shi. Ba wani sashe da ya tanadi ɗauri ko tara ga likita, ko uba, ko miji. Gwamnatoci aka ɗora wa nauyin. Kowace ƙasa takan kai rahoto gaban kwamitin ƙwararru 18 da ke zama a Jeneba, na farko cikin shekara biyu da shigarta, sannan duk bayan shekara huɗu. In ƙasar ta amince da ƙaramar yarjejeniyar da ke rataye da babbar, wanda aka zalunta zai iya kai kuka gaban kwamitin bayan ya gama bin kotunan gida. Ko a nan, shawara kwamitin ke bayarwa, ba shi da ɗan sanda. Hukunci, in akwai shi, sai a neme shi cikin dokar kowace ƙasa.

Inda ruwa ya yi zurfi shi ne sashe na 14 da na 12. Na 14 ya ce kasancewar mutum naƙasasshe ba zai taɓa zama hujjar tauye masa 'yanci ba. Na 12 ya ce mai naƙasa cikakken mutum ne a gaban doka, yana da ikon yanke wa kansa shawara, kuma wajibi ne a ba shi taimakon da zai iya yin hakan. A ɗakin likita, ga yadda abin yake. Mace ta zo da rakiyar yayanta, likita ya juya ga yayan yana tambayarsa tun yaushe ta daina barci, ya miƙa masa takarda ya sa hannu, ita kuwa tana zaune tana kallo, ba wanda ya ce mata "me kike so?" Wannan ɗabi'a sashe na 12 ya zo ya kawar. A fara tambayarta. In ta rikice a ranar, a nemi wanda ita ta zaɓa ya tsaya mata, a duba abin da ta rubuta ko ta faɗa lokacin da take cikin natsuwa, misali cewa maganin kaza yana sa ta karkarwa, kada a sake ba ta.

To, in mutum ya ɗauki wuƙa fa? Nan su kansu masana suka rabu. Kwamitin na Jeneba, a sharhinsa na 2014 da jagorar da ya fitar a 2015, ya tsaya kan cewa ko da an ce mutum haɗari ne ga kansa ko ga wasu, bai halatta a tsare shi saboda larurarsa ba. A 2014 ɗin dai, wani kwamitin na Majalisar, mai kula da haƙƙin ɗan Adam, ya ce ana iya tsarewa in ba sauran dabara, na ɗan gajeren lokaci, kuma bisa ƙa'idojin da doka ta gindaya. Ostareliya ta bayyana tun shigarta cewa a fahimtarta yarjejeniyar ta bar ƙofar magani na dole a matsayin mataki na ƙarshe. Kanada ma ta riƙe damar naɗa wa mutum mai yanke masa shawara. Indiya, a dokarta ta 2017, ta ba majinyaci damar rubuta wasiyyar jinyarsa da zaɓar wakili, amma ba ta soke kwantarwa ta dole ba. Peru ce ta yi nisa a 2018, da ta soke karɓe wa mutum ikon kansa saboda naƙasa. A ganina kwamitin Jeneba ya ɗan zaƙe, domin akwai daren da iyali ba su da lokacin jiran shawara. Sai dai wanda ya ce an hana magani gaba ɗaya, fassarar kwamiti ya ɗauka ya mayar doka, ya kuma ƙara mata gishiri.

Abin da masu tsoro ke mantawa shi ne su wa tilas ɗin ke faɗa wa. Ba ya faɗa wa kowa daidai. A Ingila, alƙaluman hukumar lafiya sun daɗe suna nuna cewa yiwuwar a tsare baƙar fata a ƙarƙashin dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ninka ta farar fata fiye da sau uku. A 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa ana ɗaure masu wannan larura da sarƙa a ƙasashe 60. Mai hali yakan ga likita tun ciwon yana damuwa da rashin barci. Talaka, ɗan gudun hijira da wanda ba ya jin harshen likita, sau da yawa sai abin ya ƙazanta ake kawo su, wani lokacin ma a motar 'yan sanda.

Shi ya sa nake ganin sashe na 25, wanda ba a cika jin ana gardama a kansa ba, ya fi sauran amfani ga waɗanda aka bari a baya. Ya ce a ba naƙasasshe kulawa mai inganci irin ta kowa, kyauta ko a farashin da zai iya, a kusa da inda yake zaune, har da karkara. Ya kuma hana kamfanonin inshorar lafiya nuna masa bambanci. Sashe na 19 ya ƙara da haƙƙin zama cikin jama'a tare da tallafi, wanda ke nufin ba a yarda a sallami mutum a bar shi a titi ba.

Matsalar ita ce sashe na 4 ya bar wa gwamnatoci ƙofa: haƙƙoƙin da ke cin kuɗi za a cika su sannu a hankali, gwargwadon abin da ƙasa ke da shi. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa kusan kashi 2 cikin 100 na kasafin lafiya ake kashewa kan lafiyar ƙwaƙwalwa. A ƙasashe matalauta ma'aikatan wannan fanni ba su kai 2 ga mutum 100,000 ba, a ƙasashe masu arziki kuwa sun haura 60. Wanda tafiyar yini guda ke tsakaninsa da likita mafi kusa, an ba shi ikon ƙin magani a takarda, alhali ba wanda ya taɓa kawo masa maganin balle ya ce ba ya so.