Idan Likita Ya Ce Sai An Yi Tiyatar Zuciya: Tambayoyi da Amsoshi

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, da zarar an ce wa mutum sai an buɗe masa ƙirji, gida kan ɗauki salati kamar an yi rasuwa. Tsoron yana da dalili, amma yawancinsa rashin bayani ne. Ga tambayoyin da dangi suka fi yi.

Wane ciwo ne yake kai babban mutum ga wannan tiyata?

Biyu ne suka fi yawa. Na farko lalacewar bawul, wato ƙofofi huɗu da ke cikin zuciya masu hana jini komawa baya. A wajenmu tushensa sau da yawa ciwon maƙogwaro ne na yarinta, wanda ƙwayar cutar streptococcus ke kawowa, ba a yi maganinsa da penisilin ba. Sai bayan shekara 10 ko 20 bawul ɗin ya ƙanƙance ko ya riƙa yoyo. Mace ta kan gane ne idan ta samu ciki: haki, kumburin ƙafa, ba ta iya kwanciya sai ta jingina da matashi biyu ko uku. Na biyu toshewar jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar kanta, wanda ya fi kama masu hawan jini, ciwon suga da mashaya sigari. Hoton eko, wato sikanin na zuciya, shi ne ke nuna halin bawul, ana yin sa a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Da gaske ana tsayar da zuciya?

Da gaske ne. Bayan an sa mara lafiya barci, ana raba ƙashin tsakiyar ƙirji, a haɗa manyan jijiyoyinsa da wata na'ura da ke karɓar aikin zuciya da huhu: ta ja jini, ta sa masa iskar oksijin, ta mayar da shi jiki. Ana ba da heparin don kada jinin ya daskare a cikin na'urar, sannan a zuba wa zuciya ruwan magani mai sinadarin potassium, ta tsaya cak har a gama ɗinki. Daga nan jini ya koma cikinta, ta ci gaba da bugu, a ɗaure ƙashin da wayar ƙarfe mara tsatsa. Wayar nan ba a cire ta. Dakta John Gibbon ne ya fara cin nasara da na'urar a Amurka a 1953, a Najeriya kuwa an fara irin wannan tiyata a asibitin koyarwa na Inugu a 1974.

Idan jijiya ce ta toshe fa?

Ba a cire toshewar, ana kewaye ta ne, yadda manomin rani a Kadawa ke yanka sabuwar hanyar ruwa idan tsohuwar ta cushe. Ana ɗauko jijiya daga bayan ƙashin ƙirji, ko ƙafa, ko hannu, a dasa ta gaba da wurin da ya toshe. Shi ya sa wanda aka yi wa aikin zuciya kan farka da ɗinki a ƙafa.

Bawul na ƙarfe ko na dabba, wanne ya fi?

A nan nake so a tsaya a yi tunani, domin amsar ba ta wurin likita shi kaɗai. Na ƙarfe yana da ƙarko, yana iya kai mutum ƙarshen rayuwarsa. Amma jini yana daskarewa a kansa, don haka dole a sha warfarin, maganin tsinka jini, kullum har abada, kuma a riƙa gwajin jini mai suna INR, mai auna yadda jinin ya tsinke, a kai a kai. Idan maganin ya yi kaɗan, gudan jini na iya toshe bawul ko ya haura kai ya shanye ɓarin jiki. Idan ya yi yawa, jini ya ɓalle. Bawul ɗin da ake yi da naman saniya ko alade kuwa bai buƙatar warfarin na dindindin, amma yakan gaji cikin shekara 10 zuwa 15, a jikin matashi ma ya fi saurin lalacewa, sai an sake tiyata.

To, mutumin da ke wani ƙauye a bayan Gwaram ko Tudun Wada, ina zai riƙa gwajin INR? Nawa ne kuɗin mota? Da damina hanyar tana biyuwa? Yarinya ’yar shekara 22 da ke son haihuwa fa, alhali warfarin na iya nakasa ɗan tayi a watannin farko? Waɗannan ba ƙananan maganganu ba ne, kuma kunya ba ta da wuri a ciki. A faɗa wa likita gaskiyar yadda ake rayuwa tun kafin a zaɓa. Mai damuwa da na alade ya tambaya ko akwai na saniya. A kuma tambaya ko bawul ɗin zai gyaru ba sai an canza ba. Wasu da ya ƙanƙance musu ana buɗa shi da balan-balan da ake zura ta jijiyar cinya, ba tare da an taɓa ƙirji ba.

Me za a shirya kafin ranar?

A je wurin likitan haƙori, domin ruɓaɓɓen haƙori na tura ƙwayoyin cuta cikin jini su sauka a sabon bawul. A bar sigari, a daidaita suga. A tanadi ’yan’uwa masu ba da jini. A kwashe duk abin da ake sha, na kemis da jiƙe-jiƙen gida, a nuna wa likita. Daren tiyata a bi umarnin barin ci. Yawanci awa 6 ba abinci.

Yaya ake farkawa?

A sashen kulawa ta musamman, da bututun numfashi a baki da robobi a ƙasan ƙirji suna fitar da ruwa da jini. Dangi kada su firgita, haka aka saba. Yawanci a ranar ko washegari ake cire bututun, a zaunar da mutum, a fara taka ƙafa da shi. Za a ce ya rungume matashi ya yi tari. Da zafi, amma shi ke kare huhu daga limoniya.

Yaushe zai koma gona?

Ƙashin ƙirji yana ɗaukar mako 6 zuwa 12 kafin ya haɗe. A tsawon wannan lokaci babu fartanya, babu jan guga a rijiya, babu daka, babu ɗaukar buhu ko goyon yaro, babu tuƙa babur. Tafiya a ƙasa kuwa ana so, kullum a ƙara kaɗan. Idan sujada tana jan ɗinkin, a yi salla a zaune. Abin da ya fi damuna shi ne matan da ake sallamowa, kwana 10 sai ka gan su da taɓarya don ba mai kama musu. Maigida, wannan nauyinka ne, ka nemo wadda za ta riƙe girki tun kafin a dawo gida.

Mai shan warfarin ba a hana shi zogale, alayyahu ko rama ba, sai dai kada ya ci tuli yau ya bari wata guda, domin bitamin K da ke cikin ganye yana rage ƙarfin maganin. Ya guji magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, ya tambayi likita kafin ya ɗauki azumi.

Wace alama ce ba a kwana da ita?

Zazzaɓi, ruwa ko mugunya daga ɗinki, jin ƙashin ƙirji yana motsi, haki mai ƙaruwa, baƙin bayan gida, haɓo da ya ƙi tsayawa, karkacewar baki ko mutuwar hannu. Ko ɗaya aka gani a nemi mota a lokacin, a tafi da takardar sallama da kwalin magungunan.