Ƙyandar biri a tsakanin masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau

Ƙyandar biri cuta ce mai fitar da ƙuraje, 'yar uwar agana. An fara ganin ƙwayarta a jikin birai a wani ɗakin bincike a Danmak a 1958, sannan aka same ta a jikin ɗan Adam a Kwango a 1970. Takan fara da zazzaɓi da ciwon kai da kumburin kaluluwa, ƙurajen su fito su yi ruwa su bushe cikin mako biyu zuwa huɗu. Ana ɗaukarta daga dabbobin daji, musamman dangin ɓeraye, da kuma ta cuɗanyar jiki da mai ita, har da saduwa da amfani da shimfiɗarsa.

A Najeriya an shekara 39 ba a ji ɗuriyarta ba, sai a watan Satumba na 2017 ta ɓulla a Jihar Bayelsa. Daga cikin mutum 122 da aka lissafa a wannan ɓarkewa, bakwai sun rasu, huɗu daga cikinsu masu ɗauke da ƙanjamau ne. Wani likita a Bayelsa mai suna Dimie Ogoina na cikin waɗanda suka fara lura cewa cutar ta fi kama samari, kuma tana bi ta saduwa. Da ta watsu a Turai da Amurka a 2022, kusan rabin waɗanda suka kamu da ita kuma aka san matsayinsu na ƙanjamau an same su ɗauke da ƙanjamau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ƙyandar biri a matsayin annobar gaggawa a watan Yuli na 2022, ta sake yin haka a Agusta na 2024 saboda wani sabon nau'i daga gabashin Kwango.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne ƙarfin garkuwar jiki, wanda ake aunawa da yawan ƙwayoyin CD4 a jini. Mai ƙanjamau da ke shan maganinsa kullum, ƙwayar cutar ta kwanta, yakan warke daga ƙyandar biri kamar kowa. Haɗarin yana kan wanda bai san yana ɗauke da ƙanjamau ba, ko wanda ya bar shan magani. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2023 ya duba mutum 382 masu ƙanjamau da raunin garkuwa da suka kamu da ƙyandar biri a ƙasashe 19. Mutum 27 sun rasu, kuma dukkansu CD4 ɗinsu bai kai 200 ba. A irin waɗannan marasa lafiya ƙurajen kan zama gyambo mai cin nama, su daɗe ba su warke ba, cutar kan kuma shiga huhu da ido.

Jihar Katsina tana cikin mafi ƙarancin masu ƙanjamau a ƙasar nan. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 0.3 cikin ɗari, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 1.4 ne. Wannan abin farin ciki ne, amma bai kamata ya sa a saki jiki ba. Inda cuta ba ta da yawa, tsangwama kan fi tsanani, mutane su guji gwaji. Ga shi kuma a Katsina da Daura ƙuraje irin waɗannan an fi ɗaukarsu ƙarambau ne, a jiƙa sassaƙe a zauna gida. Dattawan da ke da tabon lambar agana a dantse suna da wata kariya, amma waɗanda aka haifa bayan an kawar da agana a 1980 ba su da ita.

Shi ya sa ake shawartar a yi wa duk wanda aka samu da ƙyandar biri gwajin ƙanjamau, idan an same shi da ita a ɗora shi kan magani ba da jinkiri ba. Maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati. Akwai kuma allurar rigakafi mai suna Jynneos, wadda masu raunin garkuwa ke iya karɓa. Najeriya ta karɓi guda 10,000 daga Amurka a Agusta na 2024.