Takardar shaidar kyakkyawan hali: abin da dokar 2019 ta tanadar wa wanda ya fito daga gidan yari

A shekarar 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta soke tsohuwar dokar gidajen yari, ta mayar da hukumar ta zama Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta Najeriya. Canjin sunan kowa ya ji shi. Abin da bai yaɗu ba shi ne sashe na 14, wanda ya shafi hanyar cin abincin mutum bayan an buɗe masa ƙofa ya fito.

Sashen ya ɗora wa hukumar nauyin ba ɗaurarru ilimi, da koya musu sana'a da noman zamani. Idan shagon ɗinki ko na kafinta da ke cikin gidan ya kawo kuɗi, kashi uku ake yi: ɗaya na ɗaurarrun da suka yi aikin, ɗaya na ci gaba da tafiyar da sana'ar, ɗaya na asusun gwamnatin tarayya. Don haka wanda ya yi shekaru yana taka keke a ciki yana da hurumin tambayar kasonsa kafin ranar sallama.

Sai takardar kanta. Kwanturola Janar, wato shugaban hukumar, na iya ba hukumar gudanarwar da ke sama da shi shawarar a ba ɗaurarren da ya nuna halin kirki, musamman wanda ya yi karatu ko ya koyi sana'a, takardar shaidar kyakkyawan hali a lokacin sallamarsa. Dokar ta ce wanda ke riƙe da ita ba za a nuna masa bambanci saboda zaman da ya yi ba.

A lura da "na iya". Ba tilas ba ne, kuma takardar ba ta biyo mutum da kanta. Tushenta fayil ɗinsa ne: abin da gandirobobi suka rubuta a kansa, da ajin da ya shiga, da jarrabawar da ya ci. Nan ne iyalai ke makara. Sai ranar fitowa a zo da sabuwar riga da kuɗin mota, alhali tun saura watanni ya kamata wani babba a gidan ya zauna da jami'in walwala na gidan gyaran halin, ya tambayi ko an sa sunan ɗansu cikin waɗanda za a ba takardar, ya kuma tabbatar an ba shi shaidar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago idan ya zauna gwajin, ko sakamakonsa na Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa (NOUN), wadda ke da cibiyoyi a gidaje irin su Kuje da Kirikiri. A nan kuma ake tambayar shirin tallafin bayan sallama, inda hukumar kan raba keken ɗinki ko injin walda ga wasu da suka ƙware. Kayan ba sa isar kowa.

Ƙarfin takardar yana da iyaka. Sashen bai yanka wa mai shago ko kamfanin da ya ƙi ɗaukar mutum wani hukunci ba, kuma mai gareji ba zai ce maka "don ka yi gidan yari ne" ba, cewa zai yi babu gurbi. Takardar ba ta share hukuncin kotu ba. Wannan aikin afuwa ce, ta shugaban ƙasa a sashe na 175 na tsarin mulki ko ta gwamna a sashe na 212. Wanda aka samu da laifin zamba ko rashin gaskiya kuma, tsarin mulki ya hana shi tsayawa takara sai bayan shekara 10. A kasuwa kuwa, abin da ke buɗe ƙofa shi ne takardar ta zo tare da mai tsaya wa mutum, mai unguwa ko limami ko shugaban ƙungiyar masu sana'ar, wanda zai ce "idan wani abu ya ɓace, ni za a nema."

Akwai waɗanda lamarinsu daban ne, kuma su ne mafi yawa a gidajen: masu jiran shari'a. Mutum kan yi shekara uku a Kurmawa ko Goron Dutse, babban jojin jiha ya zo ziyara ya sallame shi ba tare da an taɓa kama shi da laifi ba. A idon doka wannan ba mai laifi ba ne, ko da unguwa na kiransa tsohon fursuna. Abin da zai riƙe shi ne kwafin umarnin sallamarsa mai hatimin kotu, ya karɓa tun da wuri a wajen magatakarda. Idan fom ɗin neman aiki ya tambaya ko kotu ta taɓa samunsa da laifi, amsarsa "a'a" ce, kuma gaskiya ya faɗa.

Tun gyaran tsarin mulki na 2023 jihohi ma sun samu ikon kafa nasu gidajen gyaran hali. Duk jihar da za ta rubuta tata dokar, nan ne ya kamata ta cike giɓin, ta faɗi inda mai takarda zai kai ƙara idan an kore shi daga aiki saboda zaman da ya riga ya gama.