Waiwaye: Yadda aka faro tantance galahanga a asibitin yara, da abin da ya shafi Kaduna

A ranar awo a ƙananan asibitocin unguwannin Kaduna, daga Tudun Wada zuwa Rigasa, abin da ake yi wa yaro sananne ne: a ɗora shi a sikeli, a auna damtsensa, a duba katin rigakafi, a yi masa allurar da ta rage. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne ko yana waiwayowa idan an kira sunansa, ko kuma yana nuna abu da yatsa domin uwarsa ta gani. Waɗannan tambayoyi, duk da ƙanƙantarsu, su ne ginshiƙin tantance larurar da likitoci ke kira otizim, wadda kafofin labarai na Hausa suka saba kira galahanga, ko da yake a bakin jama'a kalmar takan haɗa da wasu larurorin ƙwaƙwalwa dabam. Sai da aka shafe kusan shekara 50 da sanin larurar kafin likitoci su gane cewa ana iya yin tambayoyin tun yaro yana goye.

A shekarar 1943 ne wani likita a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, Leo Kanner, ya wallafa bayanin yara 11 waɗanda ba sa sakewa da mutane, suna maimaita abu ɗaya, kuma ransu yana ɓaci ƙwarai idan an sauya musu abin da suka saba. Shekara guda bayan haka Hans Asperger ya bayyana makamancin wannan a birnin Biyana. An ɗauki larurar a matsayin abin da ba kasafai ake gani ba, domin ƙidayar da Victor Lotter ya yi a Ingila a 1966 ta sami yara huɗu zuwa biyar ne kacal cikin kowane 10,000. Abin takaicin wancan zamani shi ne iyaye mata aka ɗora wa laifin, aka ce rashin nuna ƙauna ne ya sa 'ya'yansu suka janye daga mutane. Wannan zargi bai fara gushewa sosai ba sai da binciken tagwaye na Susan Folstein da Michael Rutter a 1977 ya nuna cewa gado yana da hannu mai ƙarfi a lamarin. Duk wanda ya taɓa jin an ce wa wata uwa a nan gida ita ta jawo, ko ta fita da ciki da almuru aljanu suka shafi yaron, zai ga cewa zargin iri ɗaya ne, riga kawai ya sauya.

Abin da ya sa aka fara tunanin gano larurar da wuri shi ne rahoton Ivar Lovaas na 1987, wanda ya nuna cewa wasu yaran suna samun ci gaba idan aka fara koyar da su tun suna ƙanana. An yi ta jayayya a kan hanyarsa da kuma alƙalumansa, amma tunanin ya zauna. A 1992 Simon Baron-Cohen da abokan aikinsa a Ingila suka fitar da takardar tambayoyi mai suna CHAT, domin yaro ɗan wata 18: tambayoyi tara ga iyaye, da abubuwa biyar da ma'aikacin lafiya zai gwada da kansa. Da aka jarraba ta a kan yara sama da 16,000, aka bibiye su tsawon shekaru, sai aka ga cewa ba ta cika ɗora wa lafiyayyen yaro larura ba, amma fa ba ta kama ko rabin masu larurar ba. A 2001 Diana Robins da abokan aikinta a Amurka suka faɗaɗa ta zuwa tambayoyi 23 da iyaye ke amsawa, daga baya aka rage su zuwa 20, aka ƙara mata zagaye na biyu na tattaunawa. Ita ce M-CHAT-R/F da ake amfani da ita yanzu ga yara 'yan wata 16 zuwa 30. Yaron da ya sami maki 3 zuwa 7 ana sake zama da iyayensa a bi tambayoyin dalla-dalla, wanda ya sami 8 ko fiye kuwa ana tura shi wurin ƙwararru kai tsaye. Takardar ba ta yanke hukunci, rairaya kawai take yi.

Ko a can ma baki bai zo ɗaya ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 2007 cewa a tantance kowane yaro a wata 18 da wata 24, amma a 2016 kwamitin ƙwararru mai zaman kansa da ke duba matakan kariya a ƙasar ya ce hujja ba ta isa ba, ko ta goyon baya ko ta akasin haka, a kan yaran da babu wanda ya nuna damuwa da su. Birtaniya, inda takardar tantancewar ta samo asali, ba ta tantance kowa da kowa, ta fi dogara ga lurar iyaye da ma'aikatan lafiya. A tsakanin nan kuma alƙaluman Amurka suka tashi daga yaro 1 cikin 150 a 2000 zuwa 1 cikin 36 a 2020, kuma faɗaɗa ma'anar larurar da yawan dubawa suna daga cikin manyan dalilan hakan. Zancen cewa allurar rigakafin ƙyanda ce ke jawo ta ya fito ne daga wata takardar bincike ta likita Andrew Wakefield ta 1998, wadda mujallar da ta buga ta ta janye a 2010, aka kuma soke lasisinsa. Wannan yana da muhimmanci a arewacin Nijeriya, inda ƙauracewa rigakafin shan inna na 2003 ya bar tabo.

Idan aka dawo Kaduna, matsala ta farko ta lokaci ce. Jadawalin rigakafi yana kawo uwa asibiti a ranar haihuwa, da mako 6, da 10, da 14, da wata 9, sannan wata 15 domin allurar ƙyanda ta biyu. Daga nan, galibi, sai ciwo ne zai dawo da ita. Ke nan ziyarar ƙarshe tana faɗuwa wata guda kafin takardar ta fara aiki, kuma a daidai watannin da alamu ke fitowa fili, yaron yana gida, inda kaka za ta ce, "Ki ƙyale shi, ai namiji ne, babansa ma ya yi nauyin baki." Sau da yawa tana da gaskiya, shi ya sa maganar take da ƙarfi. Jihar tana da mazaɓu 255 da tsarin samar da asibitin matakin farko a kowace, don haka wurin yin tambayar yana nan, ranar yin ta ce babu.

Su kansu tambayoyin suna buƙatar a zauna da su kafin a juya su zuwa Hausa. Akwai wadda ke tambaya ko ƙarar injin shara tana firgita yaro, wanda a gidajenmu janareta ko injin markaɗe ne zai maye gurbinsa. Akwai ta wasan kwaikwayo, wadda uwa za ta fi ganewa idan aka ce mata ko yarinyar tana goya 'yartsana ko tana tuƙa tuwon ƙasa a gwangwani. Tambayar amsa suna kuwa tana da nata tarko, domin uwar da ke kunyar ɗan fari ba ta kiran sunansa na yanka, sai malamar asibiti ta tambayi sunan da ake kiran sa da shi a gida. Haka ma batun kallon ido: sunkuyar da kai a gaban manya tarbiyya ce ga yaro mai wayo, amma ɗan wata 18 bai kai ga koyon ta ba.

Sai kuma inda za a tura yaron da takardar ta nuna. Matakin farko shi ne gwajin ji, domin kurumta takan yi kama da galahanga, kuma a nan Kaduna ta yi dace da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa tana cikinta. Bayan haka akwai sashen yara na Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, wanda sunansa kaɗai kan sa wasu iyayen su ja da baya. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba irin waɗannan yara haƙƙin ilimi da kula da lafiya, sai dai masu koyar da magana kaɗan ne, kuma uwar da aka ba takardar turawa daga Birnin Gwari ko Kafanchan sai ta fara lissafin kuɗin mota tukuna.