Mene ne kundin zane na kullum?

Kundin zane littafi ne da mai zane ke ajiyewa don kansa. Kowace rana yakan buɗe shi ya cika shafi ko rabin shafi da fenti, tawada ko fensir, sannan ya sa kwanan wata a gefe. Wani yakan ƙara layi biyu na rubutu, wani ya liƙa busasshen ganye ko guntuwar takarda mai launi. Bambancinsa da zanen da ake ratayewa a bango shi ne ba don sayarwa ko baje koli aka yi shi ba. Shi ya sa idan shafi ya ɓaci ba a yage shi. A bar shi yadda yake, gobe a juya na gaba.

Al'adar ta daɗe. Hokusai, shahararren mai zanen nan na Japan, ya haura shekara 80 lokacin da ya ɗauki ɗabi'ar zana zaki ɗaya kowace rana a 1842, da imanin hakan na kore masa sharri. Turner na Ingila, wanda ya rasu a 1851, ya bar littattafan zane kusan 300, yanzu suna gidan adana zane na Tate a Landan. Da Delacroix na Faransa ya je Maroko a 1832, yakan zana abin da ya gani a gurguje, ya rubuta sunan launi a jikin zanen don kada ya manta, kuma ya yi shekaru yana komawa ga waɗannan shafuka in zai yi manyan ayyukansa. Ita kuwa Frida Kahlo ta Meziko, kundin da ta riƙe a shekaru goman ƙarshe na rayuwarta, daga 1944 zuwa 1954, cike yake da ciwonta da soyayyarta, rubutu da fenti a cakuɗe.

Me ya sa sai kullum? Hannu mantuwa gare shi. Wanda ya yi mako biyu bai taɓa burushi ba zai tarar ya daina gane yawan ruwan da ya kamata ya ɗiba. Minti 15 a kowace rana ya fi awa biyar a zama ɗaya a ƙarshen wata. Kwanan watan ma yana da aikinsa: bayan wata shida mutum zai duba baya ya ga da idonsa cewa hannun mutum da ya gagare shi zanawa a da yanzu ya fara kama da hannu.

Wurin da sababbin shiga suka fi yin tuntuɓe shi ne takarda. Ta littafin rubutu sirara ce, da ta sha ruwa sai ta yamutse, launin ya ɓullo ta baya. Fentin ruwa yana son takarda mai kauri, irin mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita. Masu kundi da yawa fentin ruwan suka fi so, domin garin launi ne da aka haɗa da ƙaro, yana bushewa cikin mintuna a rufe littafi. Fentin mai kan ɗauki kwanaki, kuma man yana cin takarda. Akirilik, wato fentin da ke zama kamar roba in ya bushe, yana bushewa da wuri, sai dai shafuka biyu masu fuskantar juna sukan manne, don haka ake sa takarda mai santsi a tsakani.

Yanzu intanet ta shigo cikin lamarin. Tun 2009 ake yin Inktober, wanda Jake Parker ya faro, inda ake zane ɗaya da tawada kowace rana a watan Oktoba a wallafa. Yana zaburar da mutane, babu shakka. Amma a ganina, ranar da mutum ya fara zaɓen abin da zai zana bisa abin da zai burge mabiyansa a Instagram, kundin ya koma shagon talla. Sai ya daina gwada abin da bai iya ba, alhali don wannan gwajin ya sayi littafin tun farko.