Kafin ka yarda da "Dakta ya ce" a kan cutar ƙanjamau

Duk wanda yake aiki a sashen da ake ba masu ɗauke da ƙwayar HIV magani ya san irin saƙon nan da ke yawo a WhatsApp: mutum sanye da farar riga, an rubuta "Dakta" gaban sunansa, yana cewa ƙwayar HIV ba ita ke jawo ƙanjamau ba, ko kuma maganin da asibiti ke bayarwa shi ne gubar. Wannan magana tsohuwa ce, kuma an taɓa gwada ta a kan rayukan mutane a Afirka ta Kudu.

Matthias Rath likita ne ɗan ƙasar Jamus, mai kasuwancin ƙwayoyin bitamin. A wajajen 2004 da 2005 gidauniyarsa ta riƙa sayen shafuka a jaridun Afirka ta Kudu tana shelar cewa magungunan ARV, masu danne ƙwayar cutar a jiki, guba ne, kuma bitamin na iya juya cutar baya. Ma'aikatansa suka shiga Khayelitsha, unguwar talakawa a birnin Cape Town, suna raba ƙwayoyinsa ga marasa lafiya. Wasu suka ajiye maganinsu, wasu kuma da lokacin fara sha ya yi suka ƙi farawa.

Rath bai sha wahalar samun wurin zama ba, domin da ɗan gari akan ci gari. A shekarar 2000 Shugaba Thabo Mbeki ya kafa kwamitin ba da shawara ya sa masu musun cewa HIV ce ke jawo ƙanjamau a ciki, har da Peter Duesberg na jami'ar Kalifoniya. Ministar lafiya, Manto Tshabalala-Msimang, wadda ita ma likita ce, ta fi ba da ƙarfi wajen tallata tafarnuwa da lemun tsami da man zaitun. Masana fiye da 5,000 suka sa hannu a sanarwar Durban a wannan shekarar cewa HIV ce sanadin cutar, gwamnati ta yi kunnen uwar shegu. Sai da kotun tsarin mulki ta tilasta mata a 2002 kafin ta yarda a wadata mata masu ciki da maganin nevirapine, mai kare jariri daga ɗaukar ƙwayar wurin haihuwa.

Abin da nake so mu tsaya a kansa shi ne yadda Rath ya kafa hujjarsa, domin irin wannan dabarar ce ake yi mana har gobe. Bai ƙirƙiri bincike daga iska ba. Akwai bincike na gaske da masana jami'ar Harvard suka yi a Darussalam ta Tanzaniya, a kan mata masu ciki sama da 1,000 da ke ɗauke da ƙwayar, aka buga shi a 2004. Sun gano cewa haɗin bitamin na ɗan rage saurin ci gaban cutar. Iyakarsa ke nan. Rath ya ɗauki sunan Harvard ya liƙa a tallarsa, kamar binciken ya ce a bar ARV a koma bitamin. Su kansu masu binciken suka fito a 2005 suka ce an murɗe aikinsu, bitamin ba ya maye gurbin ARV. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da UNAIDS, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙanjamau, su ma suka yi tir da tallace-tallacen nasa. Wanda ya karanta tallar kawai ya ga sunan babbar jami'a ya gamsu. Wanda ya ƙara taki ɗaya ya nemi abin da masu binciken suka faɗa da bakinsu ya ga akasin haka.

Ƙungiyar Treatment Action Campaign, ta masu ɗauke da ƙwayar da masu fafutuka dominsu, da ƙungiyar likitocin ƙasar suka kai ƙara. A watan Yunin 2008 babbar kotun Cape ta yanke cewa gwajin da ake yi da ƙwayoyin Rath a kan mutane ya saɓa doka, ta kuma hana shi tallata su a matsayin maganin ƙanjamau. A shekarar ce kuma ya janye ƙarar ɓata suna da ya shigar da jaridar Guardian ta Ingila, aka ɗora masa kuɗin shari'a. Amma kafin nan mai afkuwa ta afku. Wani nazari na Harvard a 2008 ya ƙiyasta cewa jinkirin da gwamnatin Mbeki ta yi wajen raba magani tsakanin 2000 da 2005 ya ci rayuka fiye da 330,000, kuma jarirai kimanin 35,000 aka haifa da ƙwayar da za a iya kare su daga ita. Ban taɓa karanta waɗannan alƙaluma zuciyata ba ta yi nauyi ba, domin magani yana nan, mutane ne aka sa su gudu daga gare shi.

Don haka 'yan uwa, in irin wannan saƙo ya shigo wayarku, ku fara tambayar me mai maganar ke sayarwa. Rath na da kamfanin bitamin, kuma a tallar da yake zagin ARV a nan yake yabon hajarsa. Ku rubuta sunan mutumin a intanet tare da kalmar kotu ko hukumar likitoci, ku ga ko an taɓa yanke masa hukunci. In an ambaci bincike, ku nemi ko masu binciken sun yarda da fassarar da aka yi masa. Shafin mutum na kansa da littafin da ya buga da kuɗinsa shaidarsa ce a kan kansa, ba su tabbatar da komai. A Najeriya hukumar MDCN ce ke rajistar likitoci, NAFDAC ke rajistar magani, NACA kuma ke kula da yaƙi da ƙanjamau.

Ga wanda yake shan ARV, don Allah kada ka tsallake ko kwana ɗaya saboda bidiyo. Da zarar an daina sha, ƙwayar na sake hayayyafa cikin makonni kaɗan, kuma tana iya zama mai taurin kai ga maganin da kake sha. In yana sa ka jiri ko tashin zuciya ko ƙuraje, ka zo asibiti ka faɗa mana, akwai wanda za a canza maka. Ka zo da wayar ma, mu kalli bidiyon tare, mu buɗe fayil ɗinka ka ga sakamakon gwajin yawan ƙwayar a jininka kafin ka fara magani da kuma na yanzu.